Na zo karatu Alƙahira, kewar gida ta hana ni sakat

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Katsina ne, wata na biyar ke nan a Alƙahira, na zo karatu Azhar. Kafin in taso murna kamar ta kashe ni. Yanzu ba na samun barci sai bayan asuba, abincinsu ya fita raina, in na yi Larabci a kasuwa dariya ake yi mini, yara kuma su riƙa tsokanata saboda baƙar fata. Kullum ina maƙale da waya ina magana da gida. Mahaifina gona ya sayar ya turo ni, shi ya sa na kasa gaya masa. Abokan ɗakina sun ce raunin imani ne. In daure ne, ko in tattara in koma?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Allah Ya saka wa Baba da alheri, Ya sa wa karatun albarka.

Bari mu fara sallamar maganar abokan ɗakinka. Ya zo a Bukhari daga Nana A'isha cewa da aka yi hijira zuwa Madina, zazzaɓi ya kwantar da Sayyidina Abubakar da Bilal. Shi Bilal, duk sa'ad da zazzaɓin ya ɗan sake shi, sai ya ɗaga murya da baitoci yana fatan ko zai sake kwana a kwarin Makka, ko zai sake zuwa ruwan Majanna, ko zai sake hango duwatsun Shama da Ɗafil. Bilal fa, wanda aka ɗora wa dutse a ƙirji a wannan Makkar. Da labari ya kai ga Manzon Allah (SAW), bai tuhumi imanin kowa ba. Addu'a ya yi: Allah Ya sanya musu son Madina kamar yadda suke son Makka ko fiye, Ya kyautata lafiyar garin, Ya sa albarka a sa'inta da mudunta. Dubi abin da addu'ar ta ƙunsa: zuciya, da jiki, da abinci. Su ne dai abubuwan da ka lissafa mini a wasiƙarka.

Masana ma sun daɗe suna nazarin wannan gigita da ke samun baƙo. Wani masanin al'adu mai suna Kalervo Oberg ya yi wa wata ƙungiyar mata lacca a kanta a birnin Rio na Brazil a 1954, aka buga bayanin a 1960. Abin da ya ce shi ne, mutum a garinsu yana tafiya ne bisa dubban ƙananan alamu da bai ma san yana karanta su ba: yaushe ake miƙa hannu, yaya ake yi wa mai shago magana, wace gayyata ce ta gaskiya, wace magana ce ta fatar baki. Ran da ya sauka wani gari sai a kwashe alamun nan gaba ɗaya, ya koma komai sai ya yi tunani kafin ya yi. Gajiyar da kake ji da yamma alhali ba ka yi aikin komai ba, daga nan take. Oberg ya kasa abin mataki-mataki, daga ɗokin farko zuwa ƙyamar wuri zuwa sabo, kuma za ka ji mutane suna maimaita maka wannan kamar karatun allo. Kada ka riƙe shi da ƙarfi. Wata mai bincike, Colleen Ward, da abokan aikinta sun bibiyi ɗaliban Japan da suka je karatu New Zealand, suka wallafa a 1998 cewa su wahalarsu tun ranar sauka ta fi tsanani, ba su wani yi ɗokin farko ba. Kowa da yadda abin yake zo masa. Na ga wanda ya saba cikin wata uku, na ga wanda ya shekara huɗu gangar jikinsa ce kawai a Masar. Ƙirga watanni ba ya warkar da kowa. Abin da mutum yake yi da yininsa ne yake bambanta su.

To me ya sa Alƙahira take bugun ɗan Arewa haka? A ganina, saboda ta yi kama da gida. Wanda zai tafi Ingila ko Rasha ya san wata duniya zai shiga, ya ɗaure ɗamararsa tun daga filin jirgi. Kai kuwa garin Musulmi ka zo, garin Azhar, kiran salla ta ko'ina, harshen Alƙur'ani a bakin kowa. Ka saki jiki. Sai ka shiga shago ka yi sallama, kana shirin ina kwana da ina gajiya da yaya iyali, mai shagon ya dube ka ya ce "ayiz e?", wato me kake so. Ka ga mutum biyu suna ɗaga murya har jijiyar wuya ta tashi, ka ce yanzu za a zub da jini, can sai ka ga sun zauna suna shan shayi tare. Ka ga dattijo da tabon sujada a goshi yana zuƙar shisha a bakin titi. Ka miƙa wa direba kuɗi ya ce "halli", bar shi kawai, ka yi godiya ka juya, sai ka ji ya kira ka rai a ɓace, don a wurinsu wannan kalmar ladabi ce, ana faɗinta ana kuma karɓar kuɗin. Su da kansu suna da suna ga irin wannan tayin, suna ce masa tayin masu kwale-kwale, don wanda ke tsakiyar kogi ya san na bakin gaɓa ba zai iso kwanon ba. Kai kuma da kawaicinmu na gida, in aka yi maka tayi na gaskiya sai ka ce alhamdu lillahi ka ƙoshi, kana jira a nanata, a wani gidan a nanata har ka gaji, a wani wurin a ɗauke kwano. Babu ɗaya a cikin waɗannan da ya kai a kira shi matsala. Amma a tara maka ashirin irinsu kowace rana, wata biyar, dole zuciya ta ƙuntata.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba game da zama a ƙasa mai tasowa irin tamu. Mutanen gida da sun ji "ƙasar waje" sai su ɗauka ka shiga daula, don haka ba ka da bakin kuka. Alhali layin da ka baro shi ka tarar. Takardar iƙama, wato izinin zama, sai ka yi sammako ka wuni, a ce maka "bukra", ka dawo gobe a ce saura hatimi ɗaya. An yi ta ɗauke wuta bisa jadawali a Masar daga bazarar 2023 har cikin 2024. A watan Maris na 2024 fam ɗin Masar ya faɗi daga wajen 31 a kan dala zuwa kusan 50 a yini guda, bayan naira ta riga ta sha nata kayen tun Yunin 2023, ga kuɗin haya da ya yi tsalle a unguwanni da dama bayan yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 mutane suka kwararo. Wato wahalar gida tana nan, abin da babu shi ne mutanen da ke sa wahalar ta yi sauƙi. A Katsina in an ɗauke wuta ka fita dakali ka tarar da majalisa. A nan sai ka zauna a hawa na biyar kai da bango.

Wani abu kuma da nake so ka bincika a ranka, don na sha ganinsa. Da yawa daga cikin masu zuwa Azhar a garinsu ana ji da su. Wani ya hardace Alƙur'ani, yana jan tarawihi, yara suna ce masa Malam. Ya zo nan a yi masa jarrabawar tantance matsayi, in takardarsa ba ta da mu'adala, wato Azhar ba ta amince da ita ba, a mayar da shi ma'ahad, makarantar da ke ƙasa da jami'a, ya zauna aji ɗaya da waɗanda ya girme wa nesa ba kusa ba. A titi kuma ba wanda ya san ɗan gidan wane ne. Kaso mai yawa na abin da muke kira kewar gida, kewar mutumin da kake ne a gida. In ka gane haka ne, to ka san komawa ba lallai ta magance shi ba, don wanda ya koma babu takarda shi ma ba ya tarar da matsayinsa inda ya bar shi.

Maganar tsokana saboda fata ba zan shafa mata mai ba. Tana nan. Za a kira ka "samara", wato mai duhun fata, za a kira ka "shokolata", wato cakulan, wani direban tasi ya wuce ka, wani mai gida ya ce ba ya ba ɗan Afirka haya, kamar Masar a wata nahiya take. Yana da ciwo, ya fi ciwo ma da yake daga bakin wanda kuka fito sahu ɗaya zai iya fitowa. Yara da zauna-gari-banza, ka wuce abinka, don in ka biye musu aka kai ga ’yan sanda, kai ne mai iƙamar da za a duba. In abin ya kai ga duka, ko cuta a kuɗin haya, ko barazana, kada ka haɗiye: ka sanar da shugabannin ƙungiyar ɗaliban Najeriya, in ta kama a kai ofishin jakadanci. Abin da nake gudar maka shi ne ka yanke wa mutum sama da miliyan 100 hukunci da halin yaran layinku. A cikinsu akwai Nubawan Aswan da fatarsu irin taka ce, akwai Sa'idawan kudu da yawancinsu Malikawa ne kamar mu, akwai tsohuwar da za ta hawo bene da kwanon abinci a Ramadan don ta ji ɗalibai baƙi ne a saman. Ranar da ka yi aboki Bamasare guda ɗaya na gaske, garin zai canza maka fuska.

Hanyar samun wannan abokin kuwa harshe ce, kuma nan ne ɗalibanmu suke cutar kansu. Ka zo da Fus'ha ta littafi, ita kuwa kasuwa da Ammiyya, Larabcin da Misrawa ke yi yau da kullum, take ci. In ka tsaya gaban mai tumatir kana jera masa i'irabi, dariyar da zai yi ba lallai ta raini ba ce, ji yake kamar mai karanta labarai a talabijin ya zo cefane. Wasu za su ce maka kada ka koyi Ammiyya, za ta ɓata maka Larabci. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Malaman jami'ar da kansu sukan zame su koma Ammiyya a tsakiyar darasi, wanda bai iya ta ba sai rabin bayanin ya wuce shi. Kuma ba ta da wuyar da ake zato ga wanda ya riga ya san nahawu. Jimun ta koma "g", ƙaf ta koma hamza, sai kalmomin yau da kullum kamar "fen", "bikam", "dilwa'ti", "mish", "ma'alesh". Ka sami bawwab ɗin gidanku, mai gadin ƙofa, ka riƙa zama da shi minti goma sha biyar bayan la'asar. Ka tsayar da mai ful, dafaffen waken da suke ci, guda ɗaya da za ka riƙa saya a wurinsa kullum har ya san fuskarka, ya fara tambayarka jiya ina ka shiga. Cikin wata biyu zuwa uku kunnenka zai buɗe.

Abinci kuwa, Masar ta fi kusa da tukunyar gidanku fiye da yadda kake tsammani, sunaye ne suka ɓatar da kai. Mulukiyyar da suke ji da ita lalo ce. Bamiya kuɓewa ce, kuma in ka shiga shagon ’yan Sudan ka ce a ba ka weka, busasshiyar kuɓewa dakakkiya za a miƙo maka. Karkade zoɓo ne, tamar hindi tsamiya ce, dom goruba ce, duk ana sayar da su a wurin masu kayan ƙamshi da ake kira attar. Shinkafarsu gajera ce mai danƙo, wadda in ka yi dafa-duka da ita za ta ba ka haushi, amma a tuwo ba ta da na biyu, ko tuƙi ba ta so da yawa. Abin da za ka roƙa a aiko maka in wani zai taho, daddawa ce da kuka da yaji. Ku sa rana guda a mako, Juma'a bayan an sauko ta fi dacewa tunda hutu ne, ku tuƙa tuwo ku zauna a ƙasa ku ci tare, ku gayyato wani daga wani ɗakin. Zo mu ci tuwo ya fi tuwon daɗi. Sauran kwanakin kuma ka daure ka koyi cin ful da ta'amiyya da koshari, su ne abincin talaka, su aljihun ɗalibi zai iya ɗauka.

Barcin nan da ka ambata a gurguje, ni shi ya fi tsaya mini a rai. In a farkon shekarar karatu ka zo, to watanninka biyar sun faɗa cikin hunturu ke nan. Sanyin Alƙahira ba irin na gida ba ne da rana tana ɗagawa ya saki. Gidajen an gina su ne don zafi, ƙasa tayil, bango ya riƙe sanyi, cikin ɗaki ya fi waje, ga rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 5 a Disamba. Garin kuma ba ya barci da wuri. Sai ɗalibi ya wayi gari yana kwana a waya, ya yi asuba ya kwanta sai azahar, ya rasa darasi, ya rasa hasken rana, ya tashi da jin cewa shi ba shi da amfani. Ko a Katsina ka yi wata guda a haka sai ranka ya ɓaci. Ka fara da gyara wannan kafin komai: bayan asuba kada ka koma, ka fita ka yi tafiyar rabin awa in rana ta fito, ka haƙura da barcin rana na kwana uku ko huɗu har dare ya dawo dare. Ka sayi bargo mai nauyi da safa. Kuma tunda maganar sanyi ta zo, kada ka kuskura ku kunna gawayi a ɗaki a rufe, in kuma na'urar dumama ruwan wankanku ta gas ce, a bar taga a buɗe. Duk hunturu sai an rasa rayuka a Masar ta wannan hanya, iskar gubar da ke fita ba ta da wari, mutum barci kawai yake ji.

Waya ba zan ce ka ajiye ta ba. Ka yanka mata lokaci. Kiran Mama sau biyu ko uku a mako a sa'ar da kuka sani ya fi amfani da saƙo ɗari a yini. Bambancin agogo tsakaninku awa ɗaya ce a hunturu, in bazara ta shiga ta koma biyu, tunda Masar ta dawo da canjin agogo a 2023. Abin da ke cin mutum shi ne ƙarfe biyun dare yana bin hotunan biki da suna a WhatsApp, yana ƙirga waɗanda suka taru babu shi.

Zama cikin ’yan gida ma haka yake, da amfaninsa da illarsa. Akwai ɗalibin da zai shekara a unguwar Hayyul Ashir, daga ɗakin Hausawa sai shagon Bahaushe sai majalisar Hausawa, ya koma gida Larabcinsa bai fi yadda ya zo da shi ba. Akwai kuma wanda zai guje wa ’yan'uwansa wai shi ya waye, ranar da ciwo ya kama shi ya rasa mai kai shi asibiti. John Berry, wanda ya daɗe yana binciken rayuwar baƙi, ya nuna cewa waɗanda suka riƙe nasu suka kuma shiga cikin mutanen gari su suka fi samun natsuwa.

In kana neman ƙofar shiga garin, ga ta kusa da kai. Ka je masallacin Azhar kansa, ba jami'a ba, ka zauna a halƙar karatu. Kyauta ake yi. Ka zaɓi malami ɗaya da littafi ɗaya ka lizimce su, har ya zama in ba ka zo ba a tambaya. A wannan masallacin an yi wani ruwaƙi, wato masaukin ɗalibai, da aka san shi da sunan Barnawa, inda ɗaliban ƙasarmu suka riƙa sauka a ƙarnonin da suka wuce, kuma tun wajen shekarun 1240 mutanen Kanem suka kafa makarantar Ibn Rashiƙ a wannan gari don masu zuwa daga can. Su da ƙafa da raƙumi suka zo, wasiƙa sai ayari ya tashi. Ishmawi da Iziyya da aka biya maka a zaure, da Muhtasar na Shehu Halil, duk Misrawa ne suka rubuta su. Masallacin Shehu Dardir yana nan bayan Azhar, tafiyar ’yan mintuna a ƙafa. Ka je ka gani da idonka, ka ga ko garin zai ci gaba da zama maka baƙo kamar da.

Sai dai akwai iyaka, kuma ina so ka san ta. Kewar gida takan zo ta tafi: ka ji daɗin tuwon Juma'a, ka yi dariya, da dare ta dawo. In kuwa ka yi mako biyu cur ƙuncin bai ɗaga ba ko na awa ɗaya, abin da kake so da can ya daina yi maka daɗi, kana ramewa, ka kasa riƙe ko shafi ɗaya, kana jin kai nauyi ne a kan mutane, ko tunanin gara mutuwa ya fara zo maka, to abin ya zama ciwon damuwa, kuma likita ake kai wa. In tunanin cutar da kanka ne, yau ɗin nan za ka gaya wa wani, ba gobe ba. Addu'a da ruƙya ba sa hana ganin likita. Kada ka sayi maganin barci a kemis da kanka. In kuma zazzaɓi ya kama ka, musamman bayan ka dawo daga hutu, ka gaya wa likitan daga Najeriya kake, a gwada maleriya, don Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Masar ta rabu da cutar a 2024, ba ita ce za ta fara zo masa a rai ba.

Yanzu ga tambayarka. Kada ka yanke shawarar komawa cikin hunturu, kuma kada ka yanke ta da dare. Ka sa wa kanka wa'adi zuwa bayan jarrabawar ƙarshen shekara, ka yi abubuwan nan da gaske a tsakani, sannan ka zauna da rana tsaka ka auna. Ka sa a ranka cewa ranar Salla za ta yi maka nauyi, ba hawa, ba tuwon Salla, ba yawon gaishe-gaishe, don haka ku shirya inda za ku wuni tun kafin ta zo, kada ta same ka kai kaɗai a ɗaki. In wa'adin ya cika ka ga lafiyarka ba ta daidaita ba duk da magani, ko kuɗin zama ya yanke babu mafita, ko takardunka sun ƙi, komawa ba abin kunya ba ce, akwai jami'o'i a gida da za ka ɗora.

Baba kuma kada ka bari sai ka sayi tikiti ya ji. In bakinka ba zai iya ba, ka sami kawunka ko wani amininsa da yake jin maganarsa, ka gaya masa yadda ka gaya mini, ka ce ba cewa ka yi za ka dawo ba, addu'a kake nema, kuma ka ba kanka zuwa ƙarshen shekara. Shi zai san lokacin da zai shigar da maganar da kuma yadda zai faɗe ta.